Me ya sa dusar ƙanƙara ke zaftarowa ta binne masu wasan zamiya a kanta a tsaunuka?

Wai ita dusar ƙanƙarar da kanta take zaftarowa ne ko kuwa?

Wani lokacin da kanta, amma a haɗurran da ake rasa rai, kusan 9 cikin 10 wanda abin ya rutsa da shi ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da ita. Kuma masu barin filin wasan da aka gyara su kutsa can ƙuryar tsauni inda ba mai lura, su abin ya fi ci.

To ta yaya nauyin mutum ɗaya zai motsa gefen dutse guda?

Yauwa, nan gizo ke saƙar. Dusar nan hawa-hawa take kwanciya, kowace saukowa da nata shimfiɗar. In aka yi dare mai tsananin sanyi sama garau, raɓa kan daskare a samanta ta zama 'yan ƙwayoyi da ba sa kama juna, kamar sukari, sai sabuwar dusa ta zo ta danne su, iska kuma ta kwaso wata ta jibge a ɓarayin da ke bayan tudu har ta taurare ta zama falle guda. Kana takawa sai na ƙasan ya rufta, tsagewa ta ruga a guje, fallen ya taho gaba ɗaya da kai a tsakiya. Abin haushin ma, raunin nan yana iya yin makonni a ƙasa alhali sama lumui.

Ba wata alama kenan?

Akwai mana. Ka ji wani sauti "wuf" ƙarƙashin ƙafarka, ko tsagewa tana fita daga bakin katakon zamiyarka, ko ka hango inda ta zaftaro kwanan nan, to juya kawai. Gangara mai digiri 30 zuwa 45 ita ce matattarar haɗarin.

Hasashen haɗarin zaftarowar da ake fitarwa fa?

Turai da Amurka duk mataki 1 zuwa 5 suke amfani da shi, a Suwizalan cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke garin Dabos ce ke fitarwa kullum da hunturu. Sai dai mataki na 3 ya fi kashe mutane, ba na 5 ba. A 5 kowa ya shige ɗaki, a 3 kuwa sai a ce ai tsakiya ne, a fita. Ni dai a ganina wannan lambar tana yaudarar mutane sosai.

In ta binne mutum shi kenan?

A'a, amma lokaci ƙalilan ne. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan minti 35 kuwa kusan ɗaya cikin uku ne ke kai labari, don dusar na tsayawa take ƙanƙamewa, ko yatsa ba ka iya motsawa, numfashi ya ƙare. Jirgin ceto da wuya ya iso a kan lokaci, abokanka ne za su tono ka. Shi ya sa kowa sai ya rataya na'urar da ke aika sigina a jikinsa a kunne, da sandar caka mai naɗewa ta laluben wanda ya binnu, da shebur na ƙarfe, kuma in an zo gangara mai haɗari ɗaya bayan ɗaya ake tsallakawa, saura su tsaya gefe suna kallonsa.