Endoskofi a likitancin dabbobin gida

Endoskofi hanya ce ta leƙa cikin jikin dabba ba tare da an yi mata fiɗa ba. Ana zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta baki, hanci ko dubura, likitan dabbobi yana kallon hoton a allo. An fi yi wa kare, kyanwa da doki.

Tarihi

Likitancin mutane ne ya haifi dabarar. Wajen 1806 Philipp Bozzini, wani likita a birnin Farankfot na Jamus, ya ƙera na'urar leƙe mai aiki da hasken kyandir, amma likitocin zamaninsa ba su karɓe ta ba. Bafaranshe Antonin Desormeaux ya gabatar da tasa a 1853. A 1868 Adolf Kussmaul ya leƙa cikin wani mai wasan haɗiye takobi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe, sai dai hasken bai wadatar ba. Babban sauyin ya zo a 1957, lokacin da Basil Hirschowitz da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa bututu mai lanƙwasuwa da zaruruwan gilashi. Ga alama sai a shekarun 1970 aikin ya fara bazuwa zuwa karnuka da kyanwoyi.

Yadda ake yi

Ana hana dabbar abinci kamar awa 12 ko fiye, a sa ta barci, sannan a hura iska domin ciki ya buɗe. Ta wata ƴar kafa a jikin bututun ake tura ɗan hantsaki, a tsinko tsokar gwaji ko a zaro ƙashi ko tsumman da ya maƙale. Wannan ne babban amfaninsa, domin yakan raba dabba da wuƙa. Doki kuwa, a tsaye ake duba shi bayan allurar kwantar da hankali, da bututu mai tsawon mita 3, galibi don neman gyambon ciki.

Iyakarsa

Bututun ba ya kai wa tsakiyar ƙaramin hanji, kuma fatar da ta shimfiɗe cikin tumbi da hanji kaɗai yake nunawa. Akuyar da tumbinta ya cika da leda sai fiɗa. Masana sun saɓa kan ko tsokar da ake tsinkowa ta isa a bambanta kumburin hanji da sankara a jikin kyanwa. Na'urar tana da tsada ƙwarai.