Waiwaye: Tashoshin talabijin da ƙaura zuwa dijital

A shekarar 2006 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa ƙasashen Afirka da Turai za su kashe na'urorin watsa talabijin na analog zuwa 17 ga Yuni 2015. Najeriya ta ɗibar wa kanta wa'adin 2012, ya wuce, na 2015 da na 2017 ma suka bi shi. Sai a Afrilun 2016 aka yi gwajin farko a Jos, aka bi da Abuja, Ilori, Kaduna, Inugu da Oshogbo, sannan Legas da Kano a 2021. Babu Sakkwato a wannan jerin.

Ɗaya daga abubuwan da suka sa tashoshi jan ƙafa shi ne tsarin ya raba su da turakunsu na harba sigina. A da, tasha irin NTA Sakkwato ko Rima TV ita ke haɗa shiri, ita ke harba shi. A tsarin dijital kuwa, hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, NBC, ta ce aikin tasha ya tsaya ga shirye-shirye, ta miƙa su ga kamfanin rarraba sigina, ITS ko Pinnacle, ta biya kuɗin dako. Shi kuma kamfanin ya matse su, ya ɗora tashoshi kusan ashirin a zangon megahaz 8 da a baya tasha guda ke cinyewa, bisa tsarin watsa dijital da ake kira DVB-T2.

Kafin a kashe tsohuwar na'ura kuwa dole a watsa ta hanyoyi biyu, analog da dijital. Ga man dizal na janareta, ga kuɗin dako, ga sauya kyamarori da teburin haɗa hoto, alhali kuɗin talla bai ƙaru ba. Tashar da gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinta ba ta iya wannan sai an sa shi a kasafi.

Mai kallo ma yana da nasa nauyin: dikoda da eriyar UHF a saman kwano. Analog idan ya yi rauni, hoto yakan yi yayyafi amma ana gani. Dijital daskarewa yake yi, ya farfashe, ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan babbar matsala ce ga garuruwa masu nisa kamar Illela da Sabon Birni da ke kusa da iyakar jihar Sakkwato da Nijar, inda kuma sai an daidaita zango da Nijar don kada sigina su shiga juna.

Jinkirin ya ba StarTimes da GOtv da dish na tauraron ɗan Adam damar cika gidaje, tashoshin gida kuma suka koma neman masu kallo ta Facebook da YouTube.