Shin talaka giya yake sha da kuɗin tallafi?

An daɗe ana cewa in ka danƙa wa talaka kuɗi a hannu, giya da caca za su cinye. A kan wannan zato Ostareliya ta gina tsarinta. A 2007 gwamnatin John Howard ta fara kulle rabin tallafin 'yan asalin ƙasar a yankin Arewa don a kashe shi kan kayan masarufi kawai, har sai da ta jingine dokar hana wariyar launin fata kafin ta iya. A 2016 aka fito da wani katin biyan kuɗi a garin Ceduna da ke kudancin ƙasar, mai kulle kashi 80 cikin 100 na tallafin: ba giya, ba caca, ba cirar tsaba.

To, ya yi aiki? A 2018 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce da wuya a tabbatar katin ya rage ɓarna. Wahalarsa kuwa a fili take. Wanda bai taɓa kurɓar giya ba shi ma an tilasta masa katin, ga kunya a gaban mai kanti, ga kayan gwanjo masu araha da sai da tsaba ake saye.

Gwamnatin Anthony Albanese ta soke katin a 2022, amma a yankin Arewa tilascin ya ci gaba da wasu katunan.