Mutanen cikin gari, mu gyara lungunanmu kafin damina

Salamu alaikum jama'ar cikin birnin Kano, musamman 'yan Yakasai da Koki da Mandawari da masu zama gefen Jakara. Ni ma'aikacin duba-gari ne, kuma duk lungun da muka shiga maganar ɗaya ce, wai sai gwamnati ta kawo katafila ta rushe ta fitar da titi sannan unguwa za ta gyaru. Wallahi ba sai an rushe ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, irin wannan wuri a hankali ake gyara shi, lungu bayan lungu, mutanensa na ciki ba a tashe su ba.

Ku dubi kududdufai. Nan kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, ramin ya zama matattarar ruwan sama, yanzu mun cike su da bola da leda, wasu ma an yanka filoti an ɗora gini, to don Allah ruwan ina zai je? Tsakar gida zai dawo ya tumbatsa masai ya gangara rijiya, sai ka ji amai da gudawa ya ɓarke, yara ne kuma ke fara kwanciya. Wanda ya rage kar a bari a cike shi, a daina zuba masa shara.

Sai maganar katangar ƙasa, wannan kam tana ci min rai. Mutum ya samu kuɗi ya shafe ta da siminti yana ganin ya tsira, alhali danshi ya shiga ciki ba hanyar fita, daga waje lafiya lau amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji holoƙo, ranar da aka kwana ana ruwa ta zube kan mutane. Ƙasa yaɓe take so da makuba, a kira magini ya duba azara ko gara ta ci, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin gini.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli kar a ɓata ta da barci. Ku samu mai unguwa a yi gayya, a yashe kwata tun daga bakin ƙofa har inda ta haɗu da babbar magudana, dagwalon a kwashe shi a ranar, in an bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi ciki.