Bayan an cuci yaro: abin da dokar Ingila ta ɗora wa majalisar gari

A Damagaram, yaron da ake azabtarwa a gidan riƙo yakan ratsa ta hannun mutane da dama kafin asiri ya tonu: malamin lakkwal ya ga shatin bulala, ma'aikaciyar likita ta ɗaure ciwon, mai unguwa ya ji ƙishin-ƙishin, kowa kuma ya ɗauka wani ne zai kai maganar gaba. Irin wannan giɓi ne dokar kare yara ta Ingila ta zo ta toshe.

Asalinta labarin Victoria Climbié ne, ƴar shekara 8 daga Kodibuwa, wadda wata ƴar'uwar iyayenta ta ɗauka riƙo da alkawarin karatu a Turai, ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 saboda azaba, alhali asibitoci biyu da ƴan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a duk sun san da ita. Binciken da gwamnati ta sa Lord Laming ya yi kan mutuwarta, wanda rahotonsa ya fito a 2003, ya haifi dokar yara ta 2004, wadda ta wajabta wa majalisar yanki naɗa daraktan ayyukan yara da kuma zaɓaɓɓen kansila guda mai amsa tambaya a kansu. Dokar 2017 kuma ta ɗora nauyin kare yara a kan ɓangarori uku daidai wa daida, wato majalisa da shugaban ƴan sanda da hukumar lafiya ta yankin.

Idan yaro ya mutu ko ya jikkata ƙwarai, kuma ana zargin cin zarafi ko sakaci, majalisa za ta sanar da kwamitin ƙasa mai nazarin irin waɗannan lamurra cikin kwanakin aiki 5, ɓangarorin uku su yi bitar gaggawa cikin kwanakin aiki 15, sannan su yanke ko za a yi cikakken nazari, wanda ake so a wallafa cikin wata 6. Nazarin yana bin sawun inda bayani ya maƙale tsakanin ofisoshi. Hukunta mai laifi aikin kotu ne.

Wallafa rahoto ba shi da wuya, wahalar tana bayansa. Kowace shawara takan koma jadawalin aiki mai sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai gama, kuma ɓangarorin uku suna fitar da rahoton shekara da ke nuna abin da suka sauya, tare da wani mai duba aiki wanda ba ya ƙarƙashin kowanensu. Kwamitin sa ido na kansiloli yana da ikon kiran daraktan da kansilan su zo su yi bayani, galibi a zaman da jama'a ke iya halarta. Shugaban ƴan sanda kuwa ba ma'aikacin majalisa ba ne, ba ta da hurumin ba shi umarni, don haka ƙarfin kwamitin yana ga ingancin tambayarsa. Idan aka ce an horar da ma'aikata, kansilan da ya san aikinsa zai nemi a ciro fayilolin yara na bayan horon, a ga ko likitan da ya ga rauni ya kira ofishin jin daɗin jama'a a ranar, da kuma ko an gana da yaron shi kaɗai ba a gaban mai riƙonsa ba. A ganina, kwamitin da ya gamsu da yawan tarurrukan da aka yi bai sa ido a kan komai ba.

Wannan doka ba ta aiki a Nijar, inda ake da alƙalin yara da kwamitocin kare yara tun daga ƙauye har jiha. Zaɓaɓɓun majalisun kwamin kuwa an rusa su a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu, saboda haka a birnin Zinder tambayar da kansila ke yi a Ingila ta koma wuyan kantoma da waɗannan kwamitoci.