Melatonin: Yadda Sinadarin Dare Ya Zama Maganin Kanti

A shekarar 1958 ne wani likitan fata a Jami'ar Yale ta Amurka, Aaron Lerner, ya ware melatonin daga ƙwaƙwalwar shanu. Ba barci yake bincike a kai ba. Maganin cutar da ke sa fata ta yi dabbare-dabbare fari yake nema, domin an lura ruwan wani ɗan ƙululu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana washe fatar kwaɗi. A fatar mutum abin bai yi aiki ba. Sai daga baya aka gane ainihin aikinsa: da duhu ya shiga jiki ke fitar da shi, haske kuma ya dakatar da shi. A 1980 wani mai bincike, Alfred Lewy, ya nuna cewa haske mai ƙarfi da dare na danne shi a jikin ɗan Adam.

Wato sanarwa yake yi wa jiki cewa dare ya yi, ba kwantar da mutum yake yi kamar ƙwayar barci ba. Rashin fahimtar wannan shi ne tushen yawancin ce-ce-ku-cen da ake yi a kansa.

Binciken Richard Wurtman a jami'ar MIT ta Amurka ya nuna miligiram 0.3 kacal ya isa ya kai sinadarin matakin da jiki ke kaiwa da dare. Amma a 1994 Amurka ta yi dokar da ta bar shi a rukunin ƙarin abinci, ana sayar da shi ba tare da tantancewar da ake yi wa magani ba. Kasuwa ta cika da ƙwayoyi masu miligiram 3, 5, har 10. Turai ta bi wata hanya: a 2007 aka amince da wani maganin melatonin mai suna Circadin, mai miligiram 2, ga masu shekara 55 zuwa sama, na ɗan lokaci, kuma a Birtaniya sai da takardar likita.

Inda amfaninsa ya fi tabbata shi ne gyaran agogon jiki. Matafiyin da ya tsallaka ƙasashe masu tazarar awa biyar ko fiye, musamman zuwa gabas, yana amfana da miligiram 0.5 zuwa 5 lokacin kwanciya a inda ya sauka. Wanda barcinsa ke jinkiri har tsakar dare, ɗan kaɗan yake buƙata, sa'o'i kafin kwanciya. Idan aka sha da asuba, agogon baya yake ja, matsalar ta ƙaru. A rashin barci mai daɗewa kuwa ribar ba ta taka kara ta karya ba: kimanin minti bakwai yake ragewa a jiran barci, shi ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2017 ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi ga manya masu wannan larura.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da ke cikin kwalbar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna kayayyaki 31, suka tarar wani ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari, wani ya zarce da kashi 478, takwas kuma na ɗauke da serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa na daban. Ga shi ana yin sa kamar alewa mai danƙo, yaro ya gan ta a kan tebur ya cika baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce rahotannin yaran da suka haɗiye shi sun ƙaru da kashi 530 tsakanin 2012 da 2021, biyu sun rasu.

Illolin da aka saba gani su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasalar safe. Fluvoxamine, wani maganin ciwon damuwa, na ninka yawansa a jini sosai, mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuma sai ya tuntuɓi likita tukuna. Mai ciki da mai shayarwa an fi so su ƙaurace masa, kuma bai kamata a tuƙa mota bayan an sha ba.