Wace ce prima donna, kuma ya aka yi sunan ya koma na masu wuyar sha'ani?

Me kalmar take nufi tun asali?

Italiyanci ce. Prima na nufin ta farko, donna kuma mace ko uwargida. A opera, wato wasan kwaikwayon nan na Turai da ake rera duk maganar cikinsa da waƙa ana kiɗa, prima donna ita ce babbar mawaƙiyar da wasan ya rataya a kanta, yawanci mai siririyar muryar sama da suke cewa soprano. Mai bi mata ita ce seconda donna, babban mawaƙi namiji kuma primo uomo.

Yaushe abin ya faro?

Opera ta taso ne a Italiya wajen shekarar 1600, a fadojin masu mulki ake yinta. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko a birnin Venice wanda kowa zai sayi tikiti ya shiga, to daga nan fa lissafi ya canza, tunda mai gidan wasa ya gane muryar mace ɗaya ce ke cika masa kujeru, in ta ce ba za ta fito ba ranar ya yi asara, dole ya lallaɓa ta.

To ina maganar saurin fushi da jan aji ta shigo?

Daga labaransu ne. Akwai Francesca Cuzzoni, wadda ta je Landan tana aiki da mai tsara kiɗa Handel, ana ba da labarin cewa ta ƙi rera wata waƙa da ya rubuta, ransa ya ɓaci har ya ce zai wurga ta ta taga. Sai kuma aka kawo wata tauraruwar, Faustina Bordoni, aka haɗa su dandamali ɗaya, masu kallo suka rabu gida biyu kowa da gwanarsa. A watan Yuni 1727 ana tsakiyar wasa magoya bayansu suka kaure da ihu da fito har wasan ya watse, ga Gimbiya Caroline ta gidan sarautar Birtaniya zaune tana kallo. Takardun tsegumi na lokacin suka yaɗa cewa matan biyu sun ba hammata iska, alhali hayaniyar daga wajen 'yan kallo ta fi yawa.

Daga baya kuma mawaƙiya Adelina Patti, a ƙarni na 19, an san ta da cewa sai an ƙirga mata kuɗinta a hannu kafin ta hau dandamali.

Yanzu wa ake kira haka?

Duk wanda yake ganin ba a iya yi sai da shi, abu kaɗan ya yi zuciya, ko ya sa sharuɗɗan da ba a sa wa kowa. A Turanci har namiji ana ce masa prima donna, ɗan ƙwallo ne ko ma'aikacin ofis. Diva ma kusan haka take, ita asalinta allahiya take nufi.

An yi musu adalci kuwa?

Ni dai gaskiya ina ganin ba a yi ba. Dubi shahararriyar mawaƙiyar opera Maria Callas, ranar 2 ga Janairu 1958 a Roma ta fara wasan Norma, shugaban ƙasar Italiya Giovanni Gronchi na cikin masu kallo, bayan kashi na farko ta kasa ci gaba saboda ba ta da lafiya muryarta ta shaƙe, kuma gidan wasan bai tanadi wadda za ta maye gurbinta ba. Jaridu suka yi mata caa, wai wulaƙanci ne da girman kai. Mace ce da duk abincinta yana maƙogwaronta, in ta matsa wa muryar ta lalace wa zai biya ta? Manyan mawaƙa maza su ma sun yi nasu rigingimun kan kuɗi da matsayi, amma har yau ba ka jin an zagi wani da primo uomo.